Hanyar Kaciya: Gari Bai Ƙare a Sabon Tasha Ba

Sanin kowa ne cewa garin Kaduna, duk da faɗinsa da yawan unguwanninsa, a kan igiya ɗaya yake rataye. Igiyar kuwa ita ce doguwar hanyar nan da ta taso daga Kawo, ta biyo titin Ali Akilu, ta shiga titin Ahmadu Bello, ta bi ta gefen babbar kasuwa, ta haye Kogin Kaduna daura da filin wasa, sannan daga shataletalen tashar jirgin ƙasa ta koma hanyar Kaciya. Daga nan ta ratsa tsakanin Kakuri da Barnawa, ta wuce Television da Sabon Tasha, ta bi ta Unguwar Boro zuwa matatar mai, ta miƙe Maraban Rido da Kujama. Duk ranar da wani abu ya tsaya a wuyan wannan hanya, to rabin gari ne ya shaƙe.

Saboda haka babu mai kishin Kaduna da zai ƙi yin murna da ya ji cewa a shekarar 2025 gwamnatin Sanata Uba Sani ta aza harsashin aikin hanyar manyan motocin safa masu layi na kansu, wato abin da ake kira BRT, mai tsawon kilomita 24 daga Kawo zuwa Sabon Tasha, tare da tallafin Hukumar Raya Ƙasashe ta Faransa. A watan Yuni na wannan shekarar ta 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da motocin safa 100 masu amfani da iskar gas, waɗanda suka fara ɗaukar jama'a kyauta. Ni ma ina cikin masu murna. Sai dai murnata ba ta hana ni yin tambaya ɗaya ba, wadda ita ce maƙasudin wannan rubutu: idan babbar mota ta iso Sabon Tasha ta sauke kowa ta juya, yaya mutumin Unguwar Boro da na bayansa za su ƙarasa gida, nawa za su biya, kuma wa ya zauna ya yi tunanin wannan?

Ni ba injiniya ba ne. Sana'ata ita ce nazarin harshe, kuma ta wannan ƙofa nake so mai karatu ya ba ni dama in shigo. Bahaushe yana da kalmomi da dama na abin da ake bi a isa wani wuri. Akwai turba, wadda ƙafa ce ta fitar da ita. Akwai gwadabe, babbar hanyar fatake da ayari. Akwai hanya, uwar su duka, wadda ma'anarta ta wuce ƙasar da ake takawa, har ta kai ga dabara da mafita, shi ya sa muke cewa "babu hanya" idan al'amari ya cije. Daga baya muka aro titi da kwalta daga Turanci. Ita kwalta asalinta sunan baƙin man da ake malalawa ne kawai, amma yau ta cinye sauran 'yan uwanta a bakin 'yan siyasa da na talakawa baki ɗaya. In ana yabon gwamna sai a ce ya zuba kwalta. In ana kukan unguwa sai a ce ba ta da kwalta. Ma'ana, mun ɗauki sunan kayan aiki mun ba wa manufa. Kwalta ta mota ce, hanya kuwa ta mutum ce, ko yana da mota ko ba shi da ita. Duk tsarin sufurin da ya fara da tambayar "kilomita nawa za mu zuba?" maimakon "su wane ne ke tafiya, daga ina zuwa ina, kuma da ƙarfe nawa?" to ya fara daga wutsiya.

Domin a gane dalilin da ya sa Unguwar Boro ta cancanci a yi wannan tambaya a kanta, sai mun ɗan waiwayi tarihi. Lokacin da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, ofisoshi da bariki da gidajen manya duk a arewacin kogi aka ajiye su. Kudancin kogi ya tashi ne da tashar jirgin ƙasa, sannan da masana'antu: masaƙar Kaduna ta buɗe a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo bayanta, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. A 1967 Baturen nan masanin tsara birane, Max Lock, ya fitar da babbar taswirar Kaduna wadda ta yi hasashen shekara hamsin masu zuwa, wato har zuwa 2017. A 1980 aka buɗe matatar mai a kan hanyar Kaciya, wadda daga baya ƙarfinta ya kai ganga 110,000 a rana. Matatar nan ita ce ta ja gari zuwa kudu maso gabas, ƙauyukan Gbagyi da gonakinsu da ke tsakaninta da Sabon Tasha suka fara komawa unguwannin ma'aikata da masu neman haya mai sauƙi.

Sai kuma abin da babu mai son tunawa, amma babu mai iya tsara Kaduna ba tare da ya dube shi ba. Rikicin 2000, da na 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, sun sa dubban iyalai sun tattara kayansu, Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka koma kudancinsa. Unguwannin ƙaramar hukumar Chikun irin su Sabon Tasha, Unguwar Boro, Kamazou da Mahuta suka cika suka batse cikin 'yan shekaru, ba tare da an yanka musu tituna ko magudanun ruwa tun farko ba. A daidai wannan lokaci kuma masaƙun Kakuri suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, ita ma matatar ta shafe shekaru ba ta aikin da aka gina ta domin shi. Sakamakon haka shi ne mutane suka ƙaru a kudu, ayyukan yi suka ragu a kudu. Sakatariyar jiha, manyan kotuna, babbar kasuwa da yawancin ofisoshi suna nan inda Bature ya bar su. Kowace safiya sai jama'a su kwarara zuwa arewa, kowace yamma su kwararo kudu, kuma mafi yawansu ta wannan igiya ɗaya.

Wanda duk ya taɓa tsayawa a bakin hanya a Unguwar Boro da misalin ƙarfe bakwai na safe ya san yadda abin yake. Ma'aikaciyar jinya ko malamin makaranta zai fito daga can cikin unguwa, ya taka a ƙasa ko ya hau babur ko Keke Napep zuwa bakin titi. A nan zai jira ƙaramar bas, wadda sau da yawa ta riga ta cika tun daga baya. In ya samu, wataƙila a sauke shi a Sabo ya sake neman wata zuwa kasuwa, daga kasuwa kuma ya sake hawa wata zuwa wurin aikinsa. Hawa uku ko huɗu ke nan kafin ya sa hannu a rajista, kowane hawa da kuɗinsa, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin nan ya zama wani babban kaso na albashin ƙaramin ma'aikaci. A gefen hanyar kuma ga 'yan makaranta suna rarrafawa tsakanin lambatu da tayar tirela, domin babu inda aka ware wa mai tafiya a ƙasa. Wannan mutum shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowane shiri da shi.

Da yawa daga cikinmu, musamman mu da Allah ya hore wa 'yar mota, maganin da ke fara zuwa mana a rai shi ne a faɗaɗa hanya, a yi gadar sama. Ba na musun cewa akwai wuraren da suke buƙatar haka. Shirin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 ya sauya fuskar Kawo da shataletalen Leventis, ya kuma ƙara wa gari wata gada a kan kogi tsakanin Kabala Costain da Barnawa. Haka ita ma hanyar da aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa ta buɗe wa mutanen Kamazou da maƙwabtansu wata ƙofa zuwa Unguwar Rimi. Duk waɗannan ayyuka ne na a yaba. Amma akwai darasin da biranen duniya suka koya da tsada, wato faɗaɗa hanya kan jawo ƙarin motoci har su cike gurbin da aka samar. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka kammala a 2008, har ta kai layi sama da ashirin a wasu wurare, amma cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo. In ƙasar da ta fi kowa kuɗi ba ta iya tsere wa go-sulo da kwalta ba, mu da wane aljihu za mu yi?

Lissafin a fili yake, ba ya buƙatar digiri. A ɗauki mutum sittin da ke son zuwa kasuwa daga Sabo. In kowane mutum biyu suka shiga mota ɗaya, motoci talatin ke nan, waɗanda in an jera su za su cinye tsawon fili fiye da na ƙwallon ƙafa. In aka zuba su a babbar safa ɗaya, gurbin ƙananan motoci uku ya ishe su. Wannan shi ne dukkan sirrin BRT: a ware wa motar da ta ɗauki mutum sittin layinta, kada ta tsaya a bayan motar da ta ɗauki mutum ɗaya. Birnin Kuritiba na ƙasar Brazil yana cikin biranen farko da suka gwada wannan, a 1974 a zamanin magajin gari Jaime Lerner, Bogota ta ƙasar Kolombiya ta bi sahu a ƙarshen shekarar 2000, Legas kuma ta buɗe nata a watan Maris na 2008, mai tsawon kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS.

Abin lura a nan shi ne, abin da ya ɗaukaka Kuritiba ba manyan motocin kaɗai ba ne. Sun haɗa babban layin da ƙananan motoci masu shiga unguwanni suna kwaso mutane, kuma fasinja na sauya mota a tasha ba tare da ya sake biya ba. Legas kuwa darasinta ya fi kusa da mu. Layinta ya tsaya a Mile 12, alhali gari ya riga ya zarce zuwa Ikorodu, sai da aka dawo aka ƙara tsawonsa zuwa can a 2015. Sabon Tasha ita ce Mile 12 ɗinmu. Sunan ma kansa shaida ne. A lokacin da aka raɗa shi, wurin sabo ne, kuma bakin gari ne. Yau sunan ya tsufa, gari ya bar shi a baya, amma taswirar da ke cikin kawunanmu ba ta motsa ba.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka ga wasu abubuwa da nake ganin ya kamata a sa a gaba tun yanzu.

Na farko, a kare filin hanya. Daga Sabon Tasha zuwa Unguwar Boro, zuwa mahaɗar matatar mai har Maraban Rido, a auna faɗin da layin safa zai buƙata nan gaba, a kafa alamu, a buga a jarida, hukumar tsara birane ta KASUPDA ta daina ba da izinin gini a cikinsa. Ko da kuɗin ƙara tsawon layin ba zai samu ba sai nan da shekara goma, wannan mataki ba ya cin komai in an kwatanta da abin da za a kashe wajen rusau da biyan diyya. Mutanen Kaduna sun ga rusau, sun san ɗacinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, a tsara tashar ƙarshe a matsayin mahaɗa, ba wurin juyawa kawai ba. A ware wa ƙananan bas da Keke Napep wurin tsayawa a jikin tashar, a fayyace hanyoyin da za su riƙa bi zuwa Unguwar Boro, Kamazou, Mahuta da sauran unguwanni, kuma a yi ƙoƙari tikiti ɗaya ya ɗauki mutum daga unguwarsu zuwa Kawo. In ba haka ba, abin da talaka ya rage a babbar mota zai mayar da shi a ƙaramar, kuma dubban mutanen da za a riƙa saukewa a Sabo kowace yamma za su haifar da sabon cunkoso a daidai inda aka ce an kawo magani. Motocin gas da suka fara aiki a 2025 dama ce ta ƙirga fasinjoji, a san inda suke hawa da inda suke sauka, domin a gina shiri a kan alƙaluma, ba a kan zato ba.

Na uku, a tuna da ƙafa. Kowane fasinja mai tafiya a ƙasa ne kafin ya hau mota da kuma bayan ya sauka. Hanyar Kaciya a tsakanin Sabo da matata tana buƙatar dakalin masu tafiya a ƙasa a gefe biyu, da lambatu mai murfi, da fitilu, da wuraren tsallakawa kusa da makarantu, kasuwanni, coci-coci da masallatai. Gadar tsallakawa mai dogon tsani ba ta amfanar tsohuwa mai kaya a ka, ko mace mai ciki, ko gurgu a kan kekensa. Shi ya sa ake ganin mutane suna ratsawa ta ƙarƙashinta. A cikin unguwa, abin da ya fi dacewa shi ne a tilasta wa mota ta rage gudu, mutum ya tsallaka a ƙasa.

Na huɗu, a raba manyan motoci da cikin gari. Hanyar Kaciya ba ta 'yan unguwa kaɗai ba ce. Ita ce ke ɗauko citta da hatsi da doya daga kudancin jiha, kuma duk ranar da matata ta farfaɗo, tankokin mai za su dawo mata da yawa. Maganin wannan an san shi tuntuni, wato hanyar da za ta zagaye gari ta gabas, wadda gwamnatin tarayya ta ba da kwangilarta tun 2002, aka shafe sama da shekara ashirin ba a kammala ba. Yaron da aka haifa a shekarar da aka sa hannu a kwangilar ya isa aure. 'Yan majalisarmu na tarayya, na kudu da na arewa, ba su da wani aiki da ya fi wannan cancantar su haɗa baki a kansa.

Na biyar, kada a mayar da masu cin abinci a hanyar abokan gaba. Direbobin bas, yaran mota, 'yan kamasho, masu Keke Napep da mata masu kasa kaya a bakin titi, su ne suka riƙe sufurin garin nan shekara da shekaru lokacin da hukuma ta yi barci. Mun ga abin da ya faru da aka hana acaɓa a cikin Kaduna a 2014: buƙatar ba ta gushe ba, don haka sana'ar ma ba ta mutu ba. A Legas, ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ta kafa ƙungiyar gama-kai da ta tafiyar da wani ɓangare na motocin BRT a farkon shirin. A ba namu direbobin hanyoyin cikin unguwanni, a horar da masu so su tuƙa manyan motocin, a kuma yanka wa 'yan kasuwa rumfuna a jikin tashoshi, tunda ciniki inda jama'a suke yake bi.

Na shida, kuma nan ne sana'ata ta fi shafa, a yi magana da mutane da harshen da suke ji. Na taɓa halartar wani taron jin ra'ayin jama'a a kan aikin hanya, a ɗakin taro na wani otal, da ƙarfe goma na safiyar ranar aiki, aka yi bayani da Turancin injiniyoyi daga farko har ƙarshe, aka tambaya ko akwai mai magana, aka yi shiru, aka rubuta cewa jama'a sun amince. Wannan ba shawara ba ce. Unguwar Boro gida ce ga Gbagyi, Bajju, Atyap, Adara, Ham, Ibo, Yarbawa da wasu da dama, kuma abin da ya haɗa su a kasuwa da cikin mota shi ne Hausa da Turancin Buroka. Da waɗannan za a je musu, a harabar coci da masallaci, a fadar mai unguwa, a tashar mota, da yamma ko ranar Asabar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka kuma in an zo raɗa wa tashoshi suna, a saurari bakin yaran mota. Sunayen da suke kira, irin su Station, Command, Television da Sabo, taswira ce da jama'a suka zana da ƙafafunsu cikin shekaru masu yawa, domin ba a raɗa wa wuri suna sai in ana tsayawa a wurin. A bar su yadda suke, kada a maye su da sunayen manya.

Daga ƙarshe akwai batun wa ke da alhakin me. Hanyar Kaciya ta tarayya ce, tsarin sufuri na hukumar KADSTRA ne, kula da dokokin hanya na KASTLEA ne, lungunan unguwa kuma na ƙaramar hukumar Chikun ne. In ba a sami wuri ɗaya da za a riƙa tambaya ba, kowa zai nuna ɗan uwansa ranar da abu ya lalace. Mun ga motocin safa na gwamnatoci daban-daban da aka ƙaddamar da kiɗa da rawa, bayan 'yan shekaru suka zama ɗakin kwanan kaji saboda ba a tanadi kuɗin gyara ba. A faɗa wa jama'a tun yanzu wa zai tafiyar da motocin, nawa za a riƙa biya, kuma daga ina kuɗin gyara zai fito.

Wani zai iya cewa, mu da muke zaune a Malali ko Unguwar Rimi ko Unguwar Dosa, me ya haɗa mu da abin da ke faruwa a bayan Sabon Tasha? Amsar ita ce, a cikin wannan gari akwai matasan da aka haifa bayan 2000 waɗanda suka girma ba su taɓa zama kujera ɗaya da ɗan ƙetaren kogi ba, sai labarinsa suke ji, kuma labarin ba mai daɗi ba ne. An yi tarurrukan zaman lafiya ba adadi, an sa hannu a takardu. Amma motar haya tana yin abin da taro ba ya yi: tana zaunar da Ladi kusa da Hajara kowace safiya, ɗaya ta riƙe wa ɗaya jaka, su yi kukan tsadar gari tare. Layin da zai ɗauki mutum daga Unguwar Boro zuwa Kawo cikin sauƙi da araha da mutunci, zare ne na ɗinke garin da ya yage. In kuwa aka yanke zaren a Sabon Tasha, aka bar na baya su yi ta kansu, to mun gaya musu, ko da ba mu furta ba, cewa gari ya ƙare kafin a iso gare su.

Mu da muke rubuta takardun shawara, muke zana taswira, muke zama a kwamitoci, yawancinmu ba ma hawa bas. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi taka-tsantsan, mu riƙa tambaya kafin mu yanke hukunci. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba shugabanninmu ikon kammala abin da suka fara, ya ba mu ikon faɗa musu gaskiya, ya kuma zaunar da Kaduna lafiya, kudu da arewa.